Yadda za ka zaɓi baƙin mai da filta, ka yi wa motarka juye da hannunka

Tambayoyin da ake yawan aiko mini kan mota kusan duk wuri ɗaya suke komawa. Wannan ya ce bakanikensa ya hana shi zuba 5W-30, wai ruwa ne, bai dace da zafin ƙasar nan ba. Wancan ya ce ya sayo mota 'yar Kwatano babu littafinta, wane mai zai zuba? Wani kuma filta biyu aka ajiye masa a shago, kwalinsu iri ɗaya, kuɗin ɗaya ya ninka na ɗaya sau uku, ya rasa wadda zai ɗauka. Zan amsa su gaba ɗaya a nan, daga zaɓen mai har zuwa rufe bonet, a kan ƙananan motoci masu amfani da fetur waɗanda suka fi yawa a titunanmu. Inda dizal ya bambanta zan faɗa.

1. Fara da abin da injinka ya nema

Kafin ka je kasuwa, buɗe bonet ka dubi murfin da ake zuba mai. A motoci da yawa, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, an rubuta kaurin man a jikin murfin: 5W-30, ko 5W-20, ko 0W-20. In babu, sai littafin mota. In shi ma babu, kamar yadda aka saba a motocin hannu, nemi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba ko a jikin ginshiƙin ƙofarsa. Da ita za ka san shekarar mota da irin injinta, kuma yawancin kamfanoni sun sa littattafan motocinsu a intanet kyauta.

Abu uku kake nema, ka rubuta su a takarda: kaurin mai, matakin ingancinsa, da yawan litar da injin ke ci.

Ga misalin motocin da muka saba da su. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 tana neman 5W-30, kusan lita 4. Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu 5W-20 aka rubuta mata, lita 4 da 'yan kai. Camry da Sienna da Highlander masu inji V6 na 3.5 suna cin lita 6 da ɗan ɗori, wato galan ɗaya ba zai ishe su ba.

Hattara: in an taɓa sauya wa motar inji, shekarar jikin mota ba ta da amfani a nan. Injin da ke ciki shi za ka bi. Lambarsa tana buge a jikin bulok, irin su 1ZZ ko 2AZ ko K24.

2. Lambobin kauri, da maganar "mai kauri ya fi"

A nan mutane suka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe.

Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake a sanyaye. Ƙaramar lamba, saurin gudu. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa idan ya yi zafi, ana auna ta a digiri 100. Ke nan 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya ne idan mota ta ɗau hanya, bambancinsu yana wajen tayarwa da safe. Duk wanda ya ga yadda manja ke daskarewa da sanyin hunturu ya kuma narke a tukunya ya riga ya fahimci batun: kowane mai yana tsinkewa da zafi, abin da ake so shi ne kada ya yi kauri da yawa a sanyi, kada kuma ya tsinke da yawa a zafi.

Mai shago zai ɗiga maka man a yatsa ya murza, ya ce, "Alhaji, ji danƙo, wannan shi ne mai." Yatsa ba ya auna komai. Abin da ya ji kaurin mai ne a inuwar shago, ba a cikin inji ba. Hujjar zafin gari ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta. Ko ana digiri 42 a Sakkwato ko Maiduguri a tsakiyar bazara, man da ke cikin lafiyayyen inji yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 110, kuma lagireto da tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, su ne ke riƙe wannan ma'auni, ba iskar waje kaɗai ba.

Injinan da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau, masu VVT-i na Toyota da i-VTEC na Honda da makamantansu, suna da 'yan ƙananan hanyoyin mai, kuma da ƙarfin man suke juya lokacin buɗewar bawul. Ka zuba musu 20W-50 ko SAE 40, man zai makara wajen hawa sama da safe. Ƙarar nan ta kar-kar-kar da kake ji na 'yan daƙiƙu idan ka tayar, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe kafin mai ya iso. Mafi yawan cinyewar inji a wannan lokacin take faruwa. Ga shan fetur ya ƙaru, wani lokaci fitilar inji ta kama.

Ba ina cewa 20W-50 ba shi da gida ba. Peugeot 504 da 505, tsohuwar Golf, Starlet, tsofaffin bas na haya, duk an ƙera su ne a zamanin mai kauri, kuma shi ya dace da su. Haka injin da ya ci kilomita masu yawa har ya fara shan mai, ana iya hawa masa mataki ɗaya, daga 5W-20 zuwa 5W-30, ko daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40. Littattafan wasu motocin ma suna da jadawalin da ya ba da zaɓi bisa zafin ƙasa. In kaurin da kake so yana cikin jadawalin, zuba. Abin da nake hanawa shi ne tsalle daga 0W-20 zuwa 20W-50 don kawai an ce haka ake yi a garejin unguwa.

Hattara: in motarka na fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, mai kauri zai rage hayaƙin, amma bai gyara ringi ba. Ɓoye ciwon kawai ya yi. Injin 2AZ na Camry ta 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan mai, kuma abin da ke ceton sa shi ne duba geji, wato sandar auna mai, a kai a kai da ciko, har a samu halin gyara.

Tun da na ambaci tamostat: cire shi da ake yi wai don gudun obahitin yana cutar da mai. Injin da ba ya kai cikakken zafinsa ba ya ƙone danshi da ɗigon fetur da ke sauka cikin mai, sai man ya lalace da wuri. In an cire maka, ka mayar.

3. Haruffan inganci a bayan galan

Juya galan ka nemi inda aka rubuta API, wato alamar matakin ingancin mai. Na motar fetur yana farawa da S, kuma harafi na biyu yana nuna zamani: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Sabo yana maye gurbin tsoho, don haka motar da aka ce ta sha SL za ta sha SN ko SP lafiya lau. Juya maganar ne ba ya yiwuwa. Har yanzu akwai galan masu SF da SG a kasuwa, waɗannan matakan tun na shekarun 1980 ne, ba na motar da aka ƙera a wannan ƙarni ba. In injinka ƙarami ne mai turbo, kada ka sauka ƙasa da SN Plus ko SP.

Na dizal da C yake farawa: CH-4, CI-4, CK-4. Tsofaffin Hilux da manyan bas galibi 15W-40 mai CI-4 suke sha. Sababbin motocin dizal masu matatar hayaƙi a salansa suna buƙatar mai marar toka da yawa, wanda za ka ga an rubuta masa ACEA C2 ko C3, wanin wannan yana toshe matatar.

Motocin Turai su kuma kowane kamfani da lambar amincewarsa: MB 229.5 ta Mercedes, VW 502 00 ta Volkswagen da Audi, LL-01 ta BMW. In littafinka ya ambaci irin wannan lamba, ka tabbata ka gan ta a jikin galan. Ta fi sunan kamfanin man muhimmanci.

Kada ka zuba ragowar man mota a babur. Kulocin yawancin babura a cikin mai yake zaune, yana buƙatar mai alamar JASO MA ko MA2, in ba haka ba zai riƙa sulɓi.

4. Minaral, rabi-da-rabi, ko sintetik

Minaral, wato man da aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai, shi ne mafi araha kuma shi ya fi saurin gajiya. Sintetik, wanda aka sarrafa ta hanyar kimiyya, ya fi jure zafi, ya fi barin inji da tsabta, kuɗinsa kuma yakan ninka na minaral sau biyu ko fiye. Rabi-da-rabi yana tsakiya. A jerin man TotalEnergies, alal misali, Quartz 5000 minaral ne, 7000 rabi-da-rabi, 9000 sintetik. Sau da yawa kaurin da injinka ya nema ya riga ya yanke maka hukunci: 0W-20 galibi sintetik ne, 20W-50 kuwa kusan kullum minaral ne.

Farashi yana motsi da canjin dala, duk adadin da na rubuta yau zai tsufa kafin ka karanta. Lissafin da ba ya tsufa shi ne wannan: haɗa kuɗin mai da na filta, ka raba da kilomitar da za su kai ka. Minaral a hanyoyinmu bai kamata ya wuce kilomita 4,000 zuwa 5,000 ba. Sintetik na gaske yana kai 7,000 zuwa 8,000 ba tare da fargaba ba. Idan ka lissafa filta biyu da juye biyu a gefe ɗaya, filta ɗaya da juye ɗaya a ɗaya gefen, tazarar kuɗin sai ta ragu sosai. Wanda kuma motarsa ba ta cika fita ba, wata shida zai cika kafin ya ci kilomitar, shi rabi-da-rabi mai kyau ya wadatar da shi muddin kaurin ya dace.

Ana cewa in ka fara sintetik ba ka komawa minaral, ko kuma sintetik yana sa tsohon inji yoyo. Babu ɗaya daga ciki da ya tabbata. Abin da ke faruwa shi ne sintetik yana wanke dattin da ya toshe bakin tsohuwar robar da ta riga ta bushe, sai yoyon da ke ɓoye ya bayyana. In za ka sauya wa tsohuwar mota, leƙa ta bakin murfin mai da tocila tukuna. Ƙarfe ya fito fes ko da ɗan ruwan zuma, ci gaba. In ka ga baƙin daskararren datti ya manne, yi juyen farko da na biyu da wuri, a kilomita 2,000 zuwa 3,000, kowanne da sabuwar filta.

Hattara: kada ka yarda a wanke maka inji da kananzir ko dizal. Suna tsinka mai, kuma suna iya ɓamɓaro datti a dunƙule ya toshe rariyar famfon mai. Maganin nan mai danƙo da ake ƙarawa kan mai shi ma ba ka buƙatarsa, man kirki ya zo da sinadaransa a auna.

5. Inda za ka saya

Jabun mai ya fi kuskuren kauri illa. Akwai masu tara tsofaffin galan su ɗura musu mai marar sinadari, ko tsohon mai da aka tace aka gyara masa launi, su liƙe baki. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja akwai 'yan kasuwa masu amana waɗanda suka shekara suna sana'ar, akwai kuma waɗanda ba haka ba, kuma baƙo ba ya bambance su da ido. In ba ka da mutuminka a kasuwa, sayi mai a gidan man kamfanin da ya yi shi ko wurin dilansa, ka karɓi rasit.

Duba zoben da ke ƙasan murfi, ya zama bai tsinke ba kuma babu alamar gam ko ƙuna. Duba takardar da aka liƙe bakin galan da ita. Lambar rukuni da ranar da aka yi man su fito sarai, ba a goge ba. Man da aka haɗa a Najeriya yana ɗauke da alamar MANCAP ta hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON. In ka buɗe ka ji warin ƙuna, ko ka ga gari-gari a ƙasan galan, mayar. Galan ɗin sintetik da aka sallama maka a kuɗin minaral kuwa, araha ba ta ado.

Ra'ayina shi ne man gida na gaskiya, irin na Ammasco da ake haɗawa a Kano ko na Conoil, wanda kauri da matakinsa suka dace da injinka, ya fi galan mai babban suna na waje da ba ka san ta inda ya biyo ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuma kada ya shiga injinka, ko na ciko ne.

Idan ka gama da galan, huda shi ko ka yanke bakinsa kafin ka yar, don kada ya dawo kasuwa cike da wani abin.

6. Zaɓen filta

Mutum zai kashe kuɗi a kan mai, sannan ya ce wa yaron shago, "kawo kowace filta." Wannan shi ne kuskure na biyu mafi girma.

A cikin gwangwanin nan akwai abu uku masu aiki. Akwai takarda mai ninki-ninki da ke tace datti. Akwai roba a bayan ƙananan ramukan da ke kewaye, ita ke hana mai zurarewa ya koma ƙasa idan an kashe mota. Akwai kuma bawul mai sifirin da ke buɗewa ya bar mai ya wuce in takardar ta toshe, don kada inji ya zauna babu mai. A jabun filta takardar 'yar kaɗan ce kuma tana yagewa, robar tana taurarewa cikin makonni, wani lokaci bawul ɗin ma babu shi. In motarka ta fara ƙara da safe bayan juye alhali da ba ta yi, ko fitilar mai ta riƙa jinkirin mutuwa, fara zargin filta.

Da lamba ake sayen filta, ba da kamanni ba. Corolla mai injin 1ZZ tana ɗaukar 90915-YZZF2, Camry mai 2AZ tana ɗaukar 90915-YZZF1, yawancin Honda 15400-PLM-A02. Wasu motocin ba gwangwani suke ɗauka ba, takardar kaɗai ake sauyawa a cikin gidanta: V6 na 3.5 na Toyota yana ɗaukar 04152-YZZA1, Corolla ta 2009 zuwa 'yan shekarun bayanta 04152-YZZA6. Kamfanoni irin su Denso da Mann da Bosch da Mahle suna yin filta masu kyau da lambobinsu da suka yi daidai da waɗannan.

Hattara: tiredin filtar Honda milimita 20 ne, na Toyota kuwa inci uku bisa huɗu, wato milimita 19 da ɗigo. Sun yi kusa har filtar Honda tana iya hawa injin Toyota da sako-sako, ka ɗauka ta zauna. A kan hanya ƙarfin mai zai iya cillo ta, mai ya tsiyaye cikin daƙiƙu, inji ya buga.

A shago, fito da ita daga kwali. Ta gaske tana da ɗan nauyi, rubutunta a fili, tiredinta sumul babu ɓurɓushin ƙarfe. Girgiza ta, kada ka ji wani abu na kaɗawa. Leƙa cikin ramin tsakiya ka ga bututun ƙarfe mai huji da takarda a jere a bayansa. Taɓa robar bakinta da farce, ta zama mai laushi, a zaune daram. In gwangwanin ya lotsa, ko kaɗan ne, ajiye shi.

Kowane juye da sabuwar filta. Tsohuwa tana riƙe da dattin watanni da ragowar tsohon mai, kuma ita ce mafi araha a duk abin da ka saya.

7. Kayan aiki

Sifana ko soket daidai da notin juye, lamba 14 a yawancin Toyota, 17 a Honda. Abin kwance filta, na sarƙa ko na bel, in kuma mai gida ce ta Toyota sai kofin ƙarfe na milimita 64. Sabuwar wosha ta notin juye. Daro mai faɗi da zai ɗauki lita 7 ko 8, mazurari, tsumma, safar hannu, kwali na shimfiɗawa, jak, da ƙafafun ƙarfe biyu na tallafe mota. Ban da wosha, sau ɗaya za ka saye su, ƙafafun ƙarfen ne kawai masu ɗan tsada.

8. Tsiyaye tsohon mai

Ajiye mota a wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, ba kan yashi ba. Tayar da ita minti biyar man ya yi ɗumi, ka kashe. In daga tafiya ka dawo, ba ta rabin awa ta huce. Ja burkin hannu, sa waigi a tayoyin baya, ɗaga gaba da jak, ka sauke ta a kan ƙafafun ƙarfe, ka girgiza ta ka tabbatar ta zauna.

Hattara: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka tallafe ta da bulon siminti, yana farfashewa ba tare da sanarwa ba. In ba ka da ƙafafun ƙarfe, je gareji mai rami ka biya kuɗin ramin. Wannan maganar rai ce.

Buɗe murfin mai na sama don iska ta shiga. A ƙasa, nemo notin da ke jikin tukunyar man inji. Giyabos shi ma yana da nasa notin a kusa, kuma masu koyo suna rikita su. In ka kwance ka ga jan mai ko mai ruwan hoda, na giya ne, mayar da noti nan take, kuma kada ka tuƙa motar sai an cike abin da ya zuba.

Sassauta notin da sifana zuwa hagu, ka ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki, sai a juyi na ƙarshe ka janye hannu da sauri. Man zai fara harbawa nesa kafin ya dawo ya miƙe, don haka ajiye daro ɗan gaba da ramin. Ba shi minti goma. Kafin ka kawar da daron, haska shi da tocila. Baƙi ba laifi ba ne, man dizal ma cikin kwanaki yake baƙi. Amma in ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, ko man ya koma launin shayi mai madara, wato ruwa ya shiga, to aikin ya wuce juye, kai wa bakanike.

Goge noti, cire tsohuwar wosha, sa sabuwa. Fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan sifana. Masu sifanar awo su tsaya a wajen 40 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a Toyota da Honda. Marasa ita, ja da hannu ɗaya har ka ji woshar ta kwanta, ka ƙara kaɗan, ka tsaya. Kada ka sa bututu a sifana, kada ka taka da ƙafa. Tukunyar wasu injinan ta alminiyam ce, tiredinta na cinyewa, sai garin neman gira a rasa ido.

9. Sauya filta

Matsar da daro ƙarƙashin filta, ka kwance ta. Mai zai zubo, kada ya dame ka. Dubi bakin tsohuwar: robarta ta fito tare da ita? In ba ta nan, ta manne a jikin inji, ɓamɓare ta. Roba biyu a kan juna ba sa riƙe mai, da ka tayar zai feso.

Goge wurin. Tsoma yatsa a sabon mai ka shafe robar sabuwar filta. Murɗa ta da hannu har robar ta taɓa inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na juyi, ko abin da aka rubuta a jikinta. Da hannu kawai. Abin kwance filta na kwancewa ne.

In mai gida ce, kwance murfin, zare tsohuwar takarda, cire tsohuwar robar zobe da wani abu marar kaifi, ka sa sabuwar da ta zo a kwali a daidai kwarmin da tsohuwar ta fito, ka shafa mata mai. Murfin nan sau da yawa na roba ne, yana tsagewa in aka matsa masa, 25 Nm ya ishe shi.

10. Zuba, tayar, duba

Sauke motar ƙasa. Sa mazurari ka zuba abin da littafi ya ce, amma ka rage rabin lita. Rufe murfi, tayar, idonka a kan jar fitilar mai. Ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ta kai daƙiƙa goma tana ci, kashe mota ka bincika. Kada ka taka totur a wannan lokacin. Bar ta ta yi minti biyu, ka leƙa ƙasa da tocila wajen noti da filta, ko ɗigo bai kamata ka gani ba.

Kashe, jira minti biyar, zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Ƙara kaɗan-kaɗan har mai ya kai kusa da alamar sama. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama lita ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi a yawancin ƙananan motoci.

Hattara: galan na lita 5 ba dole ne ya ƙare ba. Injin lita 4 in aka ɗura masa 5, karanshaf, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, zai riƙa dukan man yana kumfa, kumfa kuma ba ta shafa ƙarfe, ga robobin inji su fara yoyo. Ragowar ka rufe ta da kyau ka ajiye a but don ciko.

11. Rubuta, sannan ka kawar da tsohon mai

Rubuta kwanan wata da adadin da mita ta nuna da irin man da lambar filta, a ɗan littafi ko a wayarka. Lura da mita: motocin da aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne. Wanda ya jira mita ta ƙara 5,000 a irin wannan mota ya ci kilomita 8,000 bai sani ba. Tazara mai tsawo da za ka gani a littafi, irin mil 10,000, ta hanya mai tsabta ce da doguwar tafiya. Ƙurar hunturu, cunkoson cikin gari, gajerun zirga-zirga daga gida zuwa makarantar yara zuwa kasuwa, duk littafin yana lissafa su cikin aiki mai tsanani, kuma jadawalinsa ya fi gajarta. Shi za ka bi. Ko ba ka ci kilomitar ba, kada minaral ya wuce wata shida, sintetik kada ya wuce shekara. Duba geji kowane mako da safe kafin ka tayar, ka kuma buɗe filtar iska a kowane juye, don ƙurar da ta wuce filtar iska a cikin mai take ƙarewa.

Juye tsohon man a jarka ka rufe. Kada ka zuba a kwata ko a ƙasa, yana gangarawa rijiya da kududdufi. Kada a shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko miki, kada a bar shi inda yara za su kai, kuma ka wanke hannunka da sabulu, domin tsohon mai yana ɗauke da sinadaran da ke cutar da fata idan ya daɗe a kanta. Garejoji da wuraren juye suna tara shi a duro, akwai masu zuwa saye, kai musu za su karɓa. Tsohuwar filta ka kife ta a kan daro ta kwana ta tsane, sannan ka haɗa ta da tarkacen ƙarfen da 'yan gwangwan ke saye. Washegari da safe, kafin ka ja motar, dubi ƙasan inda ta kwana ka sake zaro geji sau ɗaya.